Shekarar da Aka Sare Kurmin Baba

Hadari na biyu na bana ya taso da la'asar, kuma kafin ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa sai da iska ta gaji da watsa mana rairayi a tsakar gida. Ina zaune a ƙofar ɗakina ina tsince wake, jikokina suna ta tsalle suna murnar ruwa. Ni kuwa da na ji ƙasa tana ƙaras-ƙaras a haƙorana sai na ture faifan gefe. Washegari ɗana ya dawo daga gona ya tsuguna a gabana ya ce, "Iya, tsiron nan duk rairayi ya binne shi. Sai dai a sake shuka." Na ce masa Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Amma tun ranar hankalina ya koma wata damina da ta wuce shekara arba'in.

Ni 'yar Roni ce, ƙasar duwatsu da jar ƙasa mai riƙe ƙafa. Aure ne ya kawo ni wannan ƙauyen da ke arewa da Babura, inda ƙafa ke nutsewa a rairayi har idon sawu. Gidan da na shigo gidan gandu ne. Surukina, wanda kowa ke kira Baba, yana da 'ya'ya maza bakwai, kuma duk gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba, tukunya ɗaya ake kwashewa. Maigidana shi ne auta. Ranar da aka kai ni, Inna, uwar mijina, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, mun zama talatin da ɗaya." Na ɗauka marhabin ce irin tasu. Ashe lissafin tiya take yi.

A gabashin gonar gandu akwai wani ɗan daji siriri da ya bi tsawon gonar tun daga kai har ƙarshe. Faɗinsa bai fi taku arba'in ba. Sabara ce da kalgo da geza, sai magarya da aduwa nan da can, da gawo uku manya. Mutanen gari suna kiransa Kurmin Baba don tsokana, saboda ko zomo ba zai ɓata a ciki ba. Maƙwabta duk sun daɗe da sare nasu sun mayar gona, shi kaɗai ya ƙi. Mata na iya shiga su tsinci busasshen itace da ganyen miya, amma gatari bai isa ya shiga ba. In an tambaye shi dalili ba ya dogon bayani. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Daga gabas hadari yake zuwa."

Ni ban taɓa ganin wannan kurmin ba, domin saboda ni aka sare shi.

Al'adar gidan ita ce duk ɗan da ya yi aure a yanka masa gayauna, ɗan fili nasa na kansa da zai riƙa nomawa da yamma in an tashi daga gandu. Shida sun yi aure, shida sun samu. Da aka zo kan auta, ƙasa ta ƙare. Arewa da kudu gonakin mutane ne, yamma kuma burtali ne, shi ma an tsuke shi har shanu sai sun bi a jere. Mahaifina kuwa ya kafe a kan ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba shi da gayauna ba. Ban ga laifinsa ba, ko yanzu. Maigidana ya ba ni labari daga baya cewa babban wansu, Yaya Haruna, shi ya tsaya a gaban Baba ya ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri. Yaron nan zai rasa mata saboda sabara? Sabara tuwo take ba mu?"

Baba ya yi kwana uku yana juya maganar. A na huɗu ya ce, "Ku sare. Amma kada wanda ya miƙo mini gatari."

Da na iso a tsakiyar rani, abin da na tarar shi ne itace jibge a bayan gida har ya fi ɗaki tsawo. Matan gidan suna ta zolayata, wai amarya mai goshi, ta zo da itacen shekara. Ni ma na yi ta fankama a raina. Wace shekara! An sayar da wani a kasuwar Babura, sauran kuma murhun mutum talatin da ɗaya ya lashe shi kafin bazara ta yi nisa. Har kututturan sai da aka tone.

Bazarar ta yi zafi irin wanda ban taɓa ji ba. Ruwan randa kamar an ɗauke shi daga kan wuta. Kaji suna kwance a gindin katanga baki buɗe. Igiyar guga sai da aka ƙara mata kamu uku kafin ta taɓa ruwa, kuma abin da ke fitowa rabinsa laka. In ka taka tsakar gida ba takalmi da azahar, sai ka yi rawar da ba a kaɗa maka ganga ba. Duk da haka gidan yana da rai. Turmi biyar ke tashi da safe, a yi surfe, a yi daka, a dama fura, da yamma a tuƙa tuwo a babbar tukunya da mace ɗaya ba ta iya sauke ta. Kullum Inna ke shiga rumbu da kanta ta fito da zangarniyar da za ta ba da tiya takwas, ba ƙari ba ragi. Ta riga ta auna cewa abin da ke ciki zai kai mu daidai lokacin tumu, sa'ad da sabon gero ya yi ƙwari ake gasa shi a ci.

Da alamun ruwa suka fara, aka yi binne. Maza suna gaba da sungumi suna sara, mu da yara muna binsu muna jefa iri muna takewa da diddige a busasshiyar ƙasa. Bayan kwana shida aka yi ruwa mai kyau. Ƙanshin ƙasa ya cika gari. Gero ya tsiro layi-layi, kore shar, gayaunarmu kuwa da yake sabuwar ƙasa ce ta fi ko'ina kyau. Maigidana ya kai ni na gani da yamma, yana ta washe baki kamar shi ya ƙirƙiri noma.

Kwana goma bayan haka gabas ta yi ja. A Roni hadari baƙi yake zuwa, don haka na tsaya ina kallo kamar sakara, har sai da Inna ta daka mini tsawa na shige ɗaki. Iskar ta ɗauki rairayin sabon sassaben nan da babu ko saiwa ɗaya da ke riƙe da shi, ta yi ta sheƙa shi a kan gonar gandu. Ruwan da ya biyo baya bai jiƙa ko tafin hannu ba. Da safe muka fita. Gona ta zama fili fetal kamar an share tsakar gida. Inda tsiro ya leƙo, rairayi ya yanyanka shi ya ƙone. Na hango Baba can tsakiyar gona a durƙushe, yana tone ƙasa da yatsunsa yana fito da tsiro ɗaya-ɗaya. Babu wanda ya iya zuwa kusa da shi.

Aka sake shuka da ragowar iri. Ya tsiro. Iska ta dawo ta yi masa abin da ta yi wa na farko.

A nan ne magana ta tashi a gidan. Iri ya ƙare, sai dai a taɓa na ci. Ina daga bayan zana na ji Inna tana cewa, "Malam, in ka ɗebi na rumbu ka zuba a ƙasa, me zan ba yaran nan? An riga an makara da kwana arba'in. Rumbun nan ba shi da kwana arba'in na ƙari, ko kwana huɗu ba shi da su."

Baba ya ce, "In ban zuba ba, baɗi ma ba za ki samu abin aunawa ba."

"In mun kai baɗin."

"Za ku kai, in Allah ya yarda."

A lokacin ban lura da yadda ya faɗe ta ba.

Kafin shuka ta uku, Baba ya sa aka kwance duk zanar gidan. Dangar ɗakuna, ta makewayi, ta garken awaki, ba a bar ko ɗaya ba. Maza suka yi ta kafa su a gabashin gona, mu kuma muna ɗauko kara da ƙaya muna tarawa a gindinsu. Kwana biyu muna wannan aiki, rana tana dukan ƙeya. Gidan ya koma tsirara, mai wucewa a hanya yana ganin har cikin madafa. Abin ya ɗan tare iska. Shuka ta uku ta kama, sai dai duk wanda ya dube ta ya san ba za ta nuna da wuri ba.

Tiya takwas ta koma biyar. Fura ta ɓace daga gidan, turmi biyar suka koma biyu. Aka daina zubar da dusa ga awaki, aka riƙa haɗa ta a tuwo. Uku daga cikin mazan suka tafi Kano neman aikin ƙarfi don a rage baki, huɗu suka tsaya noma. Na ga maigidana yana noman farko da kunu tsararo a cikinsa, in ya kai ƙarshen kunya sai ya dogara da hauya ya daɗe kafin ya juyo. Daga baya tiya biyar ta koma uku.

Ganye ne ya kamata ya rufa mana asiri, tafasa da yaɗiya da sauransu, amma a kurmin suke fitowa. Yanzu sai mu fita da sassafe mu bi burtali, mu tarar matan ƙauyuka uku sun riga mu, kowace da ƙwaryarta, an tsinke tafasa tun tana kunne biyu. Itace ma haka. Mu da aka yi wa kirarin itacen shekara, muka koma tafiya tun hantsi har azahar don ɗan damin da ba zai dafa tuwon kwana biyu ba. Ran da aka rasa, a hura busasshen kashin shanu, hayaƙi ya cika ido, tuwon ya yi ta wari. Wata rana a bakin murhu matar Yaya Haruna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ai gayaunar amarya muke ci." Ina da baki, kowa a Roni ya sani. Na buɗe shi zan ce mata mijinta ne ya fara ɗaga gatari, sai na ji ba ni da ƙarfin faɗan. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ina da ciki. Cikin fari, ga kunya, ga gidan da ake ƙirga loma. Yunwar mai ciki kuwa daban take. Ba ta tsaya a ciki ba, har cikin ƙashi nake jin ta. In na sunkuya a turmi sai in ga duhu.

Wata rana da yamma Baba ya ɗaga murya daga zaure yadda duk gida zai ji, ya ce wa Inna, "Daga yau amarya ce za ta riƙa ɗauko akushina. Yaran nan sun kusa fasa mini shi." Tun da na zo gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban kuma taɓa yi masa magana ba in ba gaisuwa ba, ita ma daga nesa a durƙushe. Na je na tsuguna na jawo akushin kaina a ƙasa. Da na buɗe faifan a hanya sai na ga rabin tuwon yana nan. Na kai wa Inna. Ta dubi akushin, ta dube ni. Sannan ta ce, "A gidan nan wanda ya ɗauko shi ke suɗewa. Haka muka tarar."

Na zaga bayan ɗakina na cinye tas, har da lashe yatsu.

Washegari ma haka. Jibi ma haka. Rabin ya riƙa ƙaruwa, har ya zama loma biyu ko uku kawai ake gutsura. Ba zan yi wa kaina ƙarya a wannan tsufan ba: na gane abin da ake ciki tun a kwana na uku. Na sani, kuma na ci. Kullum sai in ce gobe zan mayar, gobe in ta zo sai hannuna ya riga tunanina shiga akushin.

Sai da aka kwana wajen ashirin na yi ƙarfin hali. Na tsuguna a bakin zaure na ce, "Baba, ba ka ci ba."

Ya ce, "Haƙora ne, 'yar nan. Dusa ba ta shiri da tsoho." Ya turo mini akushin. "Ki ci. Ba ke kaɗai kike ci ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma tunda bakin ya riga ya buɗe, sai na ƙarasa. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Saboda ni aka sare."

Ya yi 'yar dariya wadda ta ƙare da tari. Ya ce, "Ke kika haifi maza bakwai? Ni na roƙi Allah ya ba ni su, ya kuma ba ni, na gode masa. Gonar ce ba ta haifi ko kamu ɗaya ba. Ɗauki akushinki ki tafi, kada ya huce."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakanina da shi, kuma ba ta bar ni ba har yau. Ni ma tara na haifa, takwas suna raye, jikoki kuwa in na fara ƙirgawa sai na ɓata a hanya. Gonar gandun nan an raba ta, an sake rabawa, har wani rabon in ka tsaya a wannan iyaka za ka iya miƙa wa na waccan iyakar goro. Gayaunarmu yanzu ɗakuna ne na bulo. Burtalin ya zama hanyar babur. Itace kuwa saye ake yi, daga inda ake kawo shi ban ma sani ba. Matar ƙaramin ɗana tana zuwa asibiti a kan tazarar haihuwa, tana ɓoye mini katin a ƙarƙashin katifa, wai kada in yi faɗa. Na gani tun tuni, na yi kamar ban gani ba. Amma in ka jera mini yaran gidan nan ka ce in nuna wanda ya yi yawa, wallahi ba zan iya ɗaga yatsa ba.

Marka ta sauka a waccan daminar, ruwa dare da rana, ɗakuna suna yoyo, tabarmi suna warin danshi. Gero ya miƙe, ya yi ciki, ya fara fitar da kai. Kullum da safe sai wani ya je ya murza zangarniya ya dawo ya ce saura kaɗan. A lokacin rumbu ya riga ya ƙare, Inna ta share ƙasansa da tsintsiya ta tankaɗe abin da ta samu. Ɗan abin da 'yan Kano suke aikowa shi ake damawa. Ƙafafun Baba suka kumbura har takalminsa ya daina shiga. Ya daina zuwa gona, sannan ya daina zuwa masallaci. Da zazzaɓin damina ya zo, ya bi gidan ɗaki-ɗaki ya kwantar da mutane suka tashi. Shi da ya kama shi bai samu abin da zai yi kokawa da shi ba. Ya rasu da hantsi ranar wata Alhamis, ruwa yana ta zuba.

Aka yi masa wanka, aka haƙa kabari, sai aka tsaya cirko-cirko. Babu itacen da za a jera a kan ramin kafin a mayar da ƙasa. Yaya Haruna ya saɓi gatari ya fita cikin ruwan. Ya daɗe. Ya dawo da 'yan tsirarun sanduna da ba su kai kaurin muciya ba, ya zubar da su a tsakar gida ya tsaya yana kallonsu, ruwa yana bin gemunsa. Mutane suna zaure suna jira.

Inna ce ta fito daga ɗaki, mayafinta a ka. Ta ce, "Ku rushe rumbun. Itacen da ke ƙarƙashinsa masu kauri ne. Babu abin da yake ɗauke da shi yanzu."

Yaya Haruna ya ce, "Inna, rumbun gandu?"

Ta ce, "Haruna, ana jiran ubanku."

Su huɗu suka kama shi suka kifar, bai ma yi musu nauyi ba. Suka zaro itatuwan, baƙaƙe, tsofaffi, waɗanda aka ce tun mahaifin Baba suke wurin. Da su aka rufe shi. Ba a sake ɗaga wannan rumbun ba, domin da kaka ta yi kowa ya ja nasa rabon.

Bayan kwana tara da rasuwar aka karyo geron farko aka gasa a tsakar gida. Yara suna ta rububi. Inna ta murje zangarniya ɗaya a tafin hannunta, ta hure ƙaiƙayin, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ina kuka na karɓa. Kuma na cinye, don yunwar ba ta sake ni ba tukuna.